Darasin Rijiyar Madyana Ga Makiyayan Arlit

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore mana bisashe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, Allah Ya ba mu labari a cikin Suratul Ƙasas cewa Annabi Musa (AS) ya iske jama'a suna shayarwa a rijiyar Madyana, ga mata biyu can gefe suna tsare bisashensu har maza su gama. Bai wuce su ba, sai ya shayar musu. Daga baya ɗayarsu ta shawarci mahaifinta da ya ɗauke shi aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa, dattijon kuwa ya karɓi shawarar ɗiyarsa. Haka nan a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya bi shawarar Ummu Salama (RA), ya soke hadayarsa ya yi aski, nan take sahabbai suka bi shi.

To mu dubi kanmu. Tun da aka rufe kamfanin COMINAK na Akokan ranar 31 ga Maris 2021, gidaje da dama sun rasa albashi. Awaki da tumakin da mata ke kiwo a cikin gida su ne ke rufa asiri: nono ga yara, kuɗin magani, ragon suna. A karkarar Abzin ma mata ke kai awaki rijiya, su tatsa, su yi cuku. Amma ran da za a zauna kan kuɗin ruwa, ko rabon dusa, ko rigakafin dabbobi, sai maza su yanke su kaɗai, mai dabba tana jin labari daga bakin yara. Shin wannan adalci ne?

Shari'a ta tabbatar wa mace mallakar dukiyarta, mijinta ba ya taɓa akuyarta sai da yardarta. Wadda ta mallaki abu kuwa tana da bakin magana a kansa. Dokar karkara ta Nijar, ta shekarar 1993, ta kafa hukumomin kula da filaye, ana kuma ba wakilan mata kujera a cikinsu tare da makiyaya da manoma. Laifinmu shi ne mu kan rubuta sunan mace a takarda, sa'an nan mu yi taro ba da saninta ba. Wannan ha'inci ne.

Saboda haka, ya ku masu unguwanni da shugabannin makiyaya, ku bar mata su zaɓi wakilansu da kansu. A yi taro da rana, a wurin mutunci, cikin sutura da ladabi. A karanta lissafin asusu kowa ya ji. Ya ku magidanta, kada ku hana iyalinku halarta. Ya ku iyayenmu mata, in an ba ku kujera ku riƙe ta da amana, domin za a tambaye ku ranar Lahira.

Allah Ya albarkaci dukiyarmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.