Sanyin Hunturu Da Tafiya Ba Sa Halatta Giya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jujjuya dare da rana, Mai kawo ɗari bayan zafi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, ga hunturu ya kankama. Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san babu lokacin da take cika da baƙi kamar wannan. Ruwan da kogi ya malala cikin fadamu da damina ya janye, an yanke shinkafa, manoman rani na wajen Auyo sun zuba alkama, masuntan Guri da Kirikasamma suna kwana bakin ruwa suna bandar tarwaɗa da karfasa, manyan motoci kuwa suna lodin kifi da tattasai zuwa Kudu. Da asuba sai ka ga kowa ya kewaye mai koko da ƙosai ko teburin mai shayi, citta da kanumfari suna tashi. A gidaje ga kunun gyaɗa, ga funkaso da miyar taushe, ga farfesun kifi mai yaji. Wannan duka ni'ima ce. A cikin Suratu Ƙuraishi Allah Ya tuna wa mutanen Makka fataucinsu na hunturu da na bazara, wanda malaman tafsiri suka ce na farko zuwa Yaman ne, na biyu zuwa Sham, sa'an nan Ya haɗa shi da ciyarwa da zaman lafiya, Ya nemi a bauta Masa saboda su.

To, amma akwai wata magana da Shaiɗan yake raɗa wa mai jin sanyi da matafiyi, watau wai ɗan kurɓi kaɗan ba kome, magani ne na ɗari, kuma ai nan ba wanda ya san ka. Wannan uzuri ba sabo ba ne, an riga an kai shi gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani sahabi mutumin Yaman, Dailamul Himyari, ya bayyana masa cewa ƙasarsu mai sanyi ce, aikinsu kuma mai wahala, suna haɗa wani abin sha da alkama domin su sami ƙarfin aiki da jure wa ɗari. Annabi bai tambaye shi tsananin sanyin ba, bai tambaye shi nauyin aikin ba. Abu guda ya tambaya, ko abin yana sa maye. Da ya amsa cewa yana sawa, sai ya umarce su da su nisance shi. Da Dailamu ya nuna cewa mutanensa ba za su iya bari ba, bai sassauta ba, sai ma ya ƙara tsanantawa. Dubi yadda siffar ta zo daidai da tamu, ga sanyi, ga aikin ƙarfi, ga alkama.

Daga nan malamai suka fahimci cewa hukuncin ba ya rataye da sunan abin sha ko da abin da aka yi shi da shi. Da dawa ake kunun zaki, da ita kuma ake burkutu. Na farko halal ne, na biyu haram, domin an bar shi ya tsima har ya zama mai gusar da hankali. Fura ko zoɓo da suka kwana suka yi tsami ba su zama giya ba muddin ba sa bugarwa. Abin da mai yawansa ke bugarwa kuwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a Jihar Jigawa a shekarar 2000 kwalba ta ɓuya, amma sai ƙwaya ta maye gurbinta a aljihun wasu direbobi da 'yan dako da matasa masu aikin fadama, har Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Wanda ya haɗiyi taramol don ya bugu, sunan kawai ya sauya. Su kansu likitoci sun tabbatar cewa ɗumin da mashayi yake ji yaudara ne, domin barasa tana buɗe hanyoyin jini na ƙarƙashin fata, zafin cikin jiki ya riƙa fita waje. Masuncin da ya sha ya shiga kwalekwale da tsakar dare ya fi kowa kusa da halaka.

Tafiya kuwa, lalle shari'a ta yi wa matafiyi rangwame mai yawa. Idan tafiyarsa ta kai buridi 4, watau mil 48, ya yi ƙasaru, ya sha azumi ya rama. Wanda yunwa za ta kashe an yarje masa cin mushe gwargwadon lalura. Amma malamanmu na Malikiyya ba su yarje shan giya don ƙishirwa ko don magani ba. Wuri ɗaya suka keɓe, shi ne wanda loma ta shaƙe shi, rai yana shirin fita, babu wani ruwa kusa. Ban ga yadda mai jin ɗari zai shigar da kansa cikin wannan ba.

A wannan lokaci ne agwagin ruwa da sauran tsuntsaye suke baro Turai, su ƙetare Bahar Rum da hamada, su sauka a dausayin Baturiya. 'Ya'yanmu kuma suna bin hanyar a juye, wasu karatu, wasu kasuwanci, wasu neman aiki, kuma Italiya tana cikin ƙasashen da suke sauka. Na zaɓe ta ne domin a can matsalar ta fi ɓuya, tun da giyar ba a kofi kaɗai take ba, har cikin tukunya. Arewacin ƙasar yana da babban kogi mai suna Po, da fadamu kamar namu, kuma babu ƙasar Turai da ta kai ta noman shinkafa. Bahaɗeje zai ga abincinsu na hunturu ya yi murna. Ga polenta, wadda ba ta da maraba da tuwon masara, ga risoto, shinkafa mai laushi da ake dafawa da romo. Amma galibi mai dafa risoto yakan kwarara farar giyar inabi a kan shinkafar kafin ya zuba romo. A yankin Piyemonte ana dafa naman sa cikin jar giya tsawon sa'o'i. A kasuwanninsu na ƙarshen shekara ana sayar da giya mai zafi da aka tafasa da kirfa da kanumfari, ƙamshinta kamar na shayinmu. Wani burodin ma da kitsen alade ake kwaɓa shi. Saboda haka ya kamata matafiyi ya riƙe kalmomi uku na harshensu, vino ita ce giya, maiale alade, strutto kitsensa, ya kuma tambaya ba tare da jin kunya ba.

Za a ce masa ai wuta ta ƙone ta. Amsa biyu ce. Ta farko, a wurin jumhurun malamai giya najasa ce, kuma a mazhabar Imamu Malik najasa idan ta shiga abinci mai ruwa-ruwa ta ɓata shi ko da kaɗan ce. Ta biyu, maganar ba gaskiya ba ce ko a wurin masu awo. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1992 ya nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 cikin 100 na barasar yana nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai saura kamar kashi 5. Khal kuwa, watau binega, wanda suke kira aceto, hukuncinsa dabam ne. Ko da asalinsa giya ce, zatinsa ya juye ya zama wani abu, Shehu Khalil ma ya lissafa shi cikin abubuwa masu tsarki a Mukhtasar. Kada tsantseni ya kai mutum ga haramta abin da Allah Ya halatta.

Abin da ya rage na halal ya fi wanda aka hana yawa nesa ba kusa ba. Kifi ba ya bukatar yanka, kuma a mazhabarmu duk abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne. Ga taliya iri-iri, ga wake, ga ganyaye, ga man zaitun, a manyan birane kuma akwai mahautan Musulmi, birnin Rum ma yana da babban masallaci tun 1995. Wani abin da ɗalibai ba su cika sani ba shi ne, wannan ƙasa tana da alaƙa da littattafan da muke karantawa a zaure. Asadu ɗan Furatu, almajirin Imamu Malik kuma alƙalin Ƙairawan, wanda Sahnunu ya gina Mudawwana a kan mas'alolin da ya tara, shi ne ya jagoranci rundunar da ta sauka tsibirin Sisili a shekara ta 212 bayan Hijira, watau 827, kuma a can ya rasu. Mulkin Musulmi ya daɗe a tsibirin har 1091. A 1154 malamin nan Idrisi ya ba da labarin wani gari kusa da Palermo, mai suna Trabia, inda ake yin taliya ana fitar da ita a jiragen ruwa. Har yau a Trapani ana cin kuskus da romon kifi. Garin Marsala kuwa sunansa daga Larabci ya fito, marsa, matsayar jiragen ruwa, amma yau da giya aka san shi, kuma ita ce ake ɗiga wa wasu kayan zaƙinsu. Wanda ya tsallake nama ya afka wa kayan zaƙi ba tambaya, bai tsira ba tukuna.

Saura zama da aiki. Tirmizi ya ruwaito hani ga mumini ya zauna a teburin da ake zagaya giya a kansa, ya kuma ruwaito la'ana a kan mutum goma saboda ita, cikinsu har da mai matsa ta, da mai ɗaukar ta, da mai shayar da ita, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta. Wannan ya shafi yaron da ya sami aikin kai kwano a gidan abinci a Milan, ya kuma shafe mu a gida. Baturen da ya zo kallon tsuntsaye a Baturiya baƙo ne, yana da haƙƙin a karrama shi da tuwon shinkafa da farfesun tarwaɗa da zoɓo, amma mai masauki ba zai aika a sayo masa kwalba ba. Haka nan direban da ya kai kifi Kudu aka ba shi lodin katon-katon na giya a dawowa, wannan jinga ɓatacciya ce a wurin malamanmu, kuɗinta kuma ba ya halatta gare shi, ko da motar za ta dawo wayam.