Kunya Ko Ta Hana Gwaninta?

Sau da yawa akan ce wa yaro mai kunya ba zai yi nisa a duniya ba. To, 'yan makaranta, kafin mu yarda sai mu dubi labarin Robert Doisneau, wani mai ɗaukar hoto na ƙasar Faransa, wanda aka haifa a Gentilly, gefen birnin Paris, cikin 1912.

Sa'ad da ya fara riƙe kyamara yana ɗan shekara 16, ba ya iya duban fuskar mutum. Duwatsun daɓen titi yake ɗauka. Sannu a hankali ya ɗaga ido zuwa ga yara masu wasa, sa'an nan manya. Ya yi wa masu ƙera mota Renault aiki daga 1934 har 1939, suka kore shi saboda yawan makara. Bayan yaƙi ya duƙufa kan talakawan unguwanni, 'yan ƙodago da 'yan kasuwa. Kyamarar da ya fi so, Rolleiflex, a daidai ciki ake riƙe ta a leƙa ta sama, watau sai mai ɗauka ya sunkuyar da kai gaban wanda zai ɗauka.

Wani ya ce ai kunya asara ce ga mai wannan sana'a, domin abin da ya faru a titi ba ya jiran kowa. Gaskiya ne, ya rasa hotuna. Cikin 1944, da aka kori Jamusawa daga Paris, jama'a suka riƙa aske kawunan matan da aka tuhuma da tarayya da abokan gaba, suna yawo da su a bainar jama'a. Doisneau ya ƙi ɗauka. Masu tarihi su ce ya ɓoye shaida, kuma maganarsu ba a banza take ba.

Amma ni a ganina kunya iri biyu ce. Akwai ta tsoro, wadda ya bari tun yana saurayi. Akwai kuma ta kiyaye mutuncin wani, wadda ya riƙe har ya rasu cikin 1994. Ita ce ta koya masa haƙurin tsayawa a lungu guda har abin gani ya zo da kansa, ita ce kuma ta sa talaka a hotonsa yake fitowa da ƙimarsa.

Saboda haka, kai mai kunya a aji, kada ka yar da ita duka. Tankaɗe ta, ka zubar da dusar tsoro, ka ajiye garin.