Faɗakarwa ga muridai bisa taimakon mai neman sani

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi. Bayan haka, ya ku muridai na Ɗan Isa, na ji ana dariyar dattijon da ya ɗauki allo da furfura tai, ana cewa ina amfanin babbaƙu ga mai jikoki. Ku bari. Wagga dariya tana kashe himma, himma kuwa ita ce guzurin muridi.

Ku tuna Shehu Usmanu, Allah shi yarda da shi. Ya shigo ƙasarga ta Zamfara wajen 1786, ya yi shekara biyar shina wa'azi. Mata sunka taho neman sani, Malam Mustafa Goni ya zarge shi. Shehu bai kore su ba, sai ya umurci ƙanensa Abdullahi shi maida jawabi. Gidan nan ne ya haifi Nana Asma'u, mai naɗa jaji ta kai karatu ƙauye.

To ni ina horonku, wanda ya fara, ku dafa mashi tawada, ku fiƙe mashi alƙalami. In gona ta hana shi zikiri, ɗayanku shi taya shi noma, su taho tare. In ya ɓata harafi, a gyara mashi a asirce, ba tsakar zaure ba.

Tammat.