Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Baƙon da ya sauka Kanan-Bakashe da niyyar sayen wake ko tabarmi, komai kaurin aljihunsa, ba ya barin tasha sai ya nemi mai shige masa gaba. Turbobin da suka ratsa Gulbin Kaba duk kamarsu ɗaya a idonsa: rairayi, goriba, gonakin hatsi. Ɗan kabu-kabun da aka yanke wa cibi a nan kuwa ya san inda yashi ke cin taya, ya san ƙauyen da matansa suka fi iya saƙar kaba, ya san dillalin da ake dogara da maganarsa daga Mayahi har Tasawa. Wannan sanin ba a rubuta shi a taswira ba, ba a kuma sayar da shi a kasuwa. Shi Bahaushe ya dunƙule da ya ce da ɗan gari akan ci gari.

Maganar ta zamanin ganuwa ce. Rundunar da ta kewaye birni tana iya shafe watanni a bakin ƙofa, ga dawaki ga masu, ba ta shiga ba, sai ranar da ta sami na ciki wanda ya san ƙofar da ta ruɓe da lokacin da masu gadi ke gyangyaɗi. Shi ya sa karin maganar ke da fuska biyu. Ga mutanen gari gargaɗi ce, su riƙe nasu da kyau, domin wanda ya san sirrinsu shi ke iya tsare su, shi ke iya bayar da su. Ga baƙo kuwa shawara ce, ya ajiye girman kai ya nemi masanin wuri.

Ƙwallon ƙafar Nijar ta ɗanɗana fuskokin nan duka biyu a kan mutum ɗaya, Harouna Doula Gabde.

Lokacin da aka raba rukunin neman shiga gasar cin kofin Afirka ta 2012, Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ta faɗa tare da Masar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Masar ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Afirka ta Kudu ita ce mai masaukin kofin duniya na 2010. Nijar kuwa ba ta taɓa leƙa gasar ba ko sau ɗaya, ga shi mai horas da ita, Doula, ɗan ƙasa ne da sunansa bai kai kunnen waje ba. A watan Oktoba na 2010 zakarun Afirka suka zo Yamai, Moussa Maazou ya jefa musu ƙwallo ɗaya, Kassaly Daouda ya tsare raga, aka tashi a haka. Saliyo ta zo ta sha uku da ɗaya. Afirka ta Kudu ta zo a Satumbar 2011 ta sha biyu da ɗaya. Maki tara ɗin da Mena ta tara, dukansu a filin Seyni Kountché ta same su. Wasanni ukun da ta buga a waje ba ta tsira da ko ɗaya ba. Zafin Yamai, da ihun 'yan kallo, da yaran da Doula ya san halin kowannensu, su ne ganuwar da ya jingina da ita.

Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba 2011, Masar ta lallasa Nijar uku ba ko ɗaya. 'Yan Afirka ta Kudu suka ji labari, suka lallaɓa wasansu da Saliyo ya tashi canjaras, suka shiga rawa a fili, a zatonsu bambancin ƙwallaye ne zai raba gardama. Ashe dokar gasar ba haka ta ce ba. Ƙasashe uku sun yi kunnen doki a maki tara, sai aka duba abin da suka yi wa junansu: Nijar shida, sauran biyun biyar-biyar, Nijar ta wuce. Ko doka ma gari ce, tana da lungunan da sai wanda ya bi su ya sani. A watan Disamba, a Accra, hukumar ƙwallon Afirka ta naɗa Doula gwarzon mai horaswa na shekara.

Daga nan ne gari ya fara shakkar ɗansa. Da aka tashi tafiya gasar a Gabon, sai aka haɗa shi da Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Gabon ta ci Mena biyu da nema a wasan farko, ragama ta koma hannun baƙo. Canjin bai haifar da komai ba: Tunisiya ta ci biyu da ɗaya, Maroko ta ci ɗaya mai ban haushi, aka dawo gida babu maki. Abin da ke da ciwo a nan ba rashin nasarar ba ne, tun da kowa ya san ƙarfin abokan karawar. Abin ciwon shi ne mutumin da ya buɗe ƙofar da aka yi shekara da shekaru ana ƙwanƙwasawa, wasa ɗaya ya isa a tura shi gefe.

Kada a ɗauka karin maganar na korar baƙo. Bajamushe Gernot Rohr ya kai Mena gasar 2013, a can ta sami makinta na farko a hannun Kwango ta Kinshasa. Ai cikin maganar ma baƙon ne ke cin garin. Sharaɗin kawai shi ne ya san cewa shi baƙo ne.

Ba'amurke Joe Gibbs ya san haka. Ya horas da ƙungiyar Washington a irin ƙwallon Amurka da ake runguma a hannu, ya ci kofinsu mafi girma, Super Bowl, sau uku, a 1983 da 1988 da 1992, kowane karo da jagoran 'yan wasa daban. Yana tsakiyar wannan ɗaukaka ya kafa ƙungiyar tseren motoci a gasar NASCAR, sana'ar da ba a cikinta ya yi suna ba. Bai ce tun da ya iya fili ya iya gareji ba. Ya nemi taimakon Rick Hendrick, wanda ya riga shi kafuwa a harkar. Ya ɗauko Jimmy Makar ya damƙa masa makanikai. Ya ba Dale Jarrett sitiyari, ɗan gidan tsere ne gaba da baya, mahaifinsa Ned ya zama zakara sau biyu. Shekarar 1992 ta wuce ba su ci tsere ko ɗaya ba, Gibbs bai kori kowa daga cikin biyun ba. A watan Fabrairun 1993 Jarrett ya lashe Daytona 500, tseren da ya fi kowane daraja a wurinsu. Daga 2000 zuwa 2019 motocin Gibbs suka ɗauki kambun shekara sau biyar. Da Makar da Jarrett sun sami irin rashin haƙurin da aka nuna wa Doula a Gabon, da labarin ya mutu tun a shekarar farko.

Shi Doula bai yi zuciya ya juya wa ƙwallon ƙasarsa baya ba. A farkon 2023 ya sake bayyana a bakin fili a Aljeriya, yana jan Mena ta 'yan wasan gida zalla a gasar CHAN, yaran da ke buga wasa a filayen Yamai da sauran biranen ƙasar. Suka ci Kamaru ɗaya, suka kori Ghana da biyu ba ko ɗaya a birnin Oran, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, matakin da Nijar ba ta taɓa takawa ba. Masu masauki sun tsayar da su da ci biyar, Madagaska ta karɓe na uku, Mena ta dawo Yamai tana ta huɗu a Afirka, shekara goma sha ɗaya bayan an tura mai horas da ita gefe a Libreville ta Gabon.