Ƙwan da Ya Fashe a Hanya, Wa Zai Biya?

A kasuwar Shuwak, gardamar ƙwai hanya ɗaya take farawa. Mota ta iso daga Gadarif, mai kanti ya ɗaga kiret na sama, lafiya lau. Ya ɗaga na biyu da na uku, sai ga na ƙasa ya jiƙe sharkaf, kwanduwa ta manne takarda da ɓawo, ƙudaje har sun fara taruwa. Ya dubi direba, direba ya buɗe hannuwa ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce."

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Abin da ke damuna shi ne saurin da muke yi wajen kiranta, tun ba a tambayi yadda aka ɗaure kayan ba.

Malamanmu na Malikiyya, waɗanda kakanninmu suka shigo ƙasar Sudan da littattafansu a kan hanyar hajji, sun daɗe da warware wannan. A babin ijara na Muhtasar, Shaihu Halil ya ɗauki ɗan dako a matsayin amintacce. Idan ya yi tuntuɓe tulun mai ya fashe, ko igiya ta tsinke, babu biya a kansa, matuƙar bai ƙetare iyaka ba kuma bai yi yaudara ba. Amma idan ya san igiyar ta ruɓe ya ɗaure da ita, sai ya biya. Imamu Malik ya ƙara tsanantawa a kan abinci: wanda ya ce abincin da aka ba shi dako ya salwanta, ba a karɓar maganarsa sai da shaida, ko in mai kayan yana tare da shi, domin hannu yana saurin kaiwa ga abinci.

To, mu auna ƙwai da wannan ma'auni. Kiret yana cin ƙwai 30. Ana jera su tsini yana kallon ƙasa, saboda 'yar iskar da ke cikin ƙwai tana gefen mai faɗi. A watan Afrilu zafin nan yana wuce digiri 40, ƙwan da aka bari a rana kuwa yana lalacewa ko bai fashe ba. Direban da ya jingina wa ƙwai buhun riɗi, ko ya afka ramukan hanyar Kasala da gudu, shi ne mai ruɓaɓɓiyar igiya. Wanda ya ɗaure da kyau, ya rufe, ya tafi a hankali, sannan taya ta fashe masa, wannan a bar shi ya tafi da mutuncinsa da kuɗin dakonsa.

Mai kaya ma yana da nasa rabon amanar. Wani yakan zuba ƙwai a tsohon kiret da ya sha laima, ya cusa masu tsagu a tsakiya, sannan ya ɗora wa direba laifi. Wannan cin haƙƙi ne, ko da ƙwai biyar ne.

A Amurka, masu sufuri sun kasa kaya aji 18, masu lambobi daga 50 zuwa 500, gwargwadon nauyinsu da girmansu, wahalar ɗaukarsu, da haɗarin lalacewarsu. Hikimar ita ce, kowa ya san nauyin da ke kansa kafin mota ta tashi. Mu ma muna da ita: ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka nake roƙon 'yan'uwana 'yan kasuwa da direbobi, a ƙirga tare, a duba tare, a faɗi sharaɗi a gaban shaida tun a wurin lodi. In an yi haka sannan asara ta zo, mai kaya ya rungumi haƙuri, kada ya zalunci direba. A nan ne kalmar ƙaddara take da daɗin ji, a bakin wanda ya gama yin nasa.