Injin Ban Ruwa Da Gonar Gado

A da, manomin fadamar Haɗejiya ba ya sayen ruwa. Da damina kogi ya kawo masa, da rani ya ɗebo da jigo. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 ambaliya ta ragu, injin ban ruwa da takin zamani suka shigo, shinkafa ta yawaita.

Amma inji ba ya aiki sai da mai. Da aka janye tallafin fetur a 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500. Mai jari ya jure. Mai 'yar gona kuwa ya ci bashi, wani har ya jinginar da gonar gado wurin mai jarin nan.

To, shin an zalunce shi? Alƙali zai ce a'a, tun da yake da hannunsa ya miƙa, gaban shaidu. Amma fa ba shi ya yanka wa fetur kuɗi ba.