Tausayi ko Ciniki?

Akwai wani littafin zane na ƙasar Jafan, Hidamari ga Kikoeru na Yuki Fumino, wanda ya fito a 2014. Kohei ɗalibin jami'a ne mai raunin ji. Taichi yakan rubuta masa lacca, shi kuwa ya biya shi da abincin rana. Sannu a hankali soyayya ta ƙullu tsakanin samarin biyu.

Ni dai abincin nan ne ya tsaya mini a rai. Da kyauta Taichi ke rubutun, ashe Kohei bai zama abin tausayi ba? Amma da yake ciniki ne, kowa yana bukatar ɗan'uwansa.

Na taɓa rubuta wa wani kurman ajinmu lacca shekara guda. Ya kawo mini goro, na ƙi karɓa, wai ni mai alheri. Bai sake neman taimakona ba.